Wat 100 Ba Shi Ne Gurnanin Jita Ba

Yau rigimata da masu cewa duk mai son kaɗa jitar "hard rock" dole ya sayi amfilifaya mai wat 100. Ni dai ban yarda ba.

Amfilifaya mai bawul, wato kwalaben gilashin nan da ke ɗaukar zafi a cikinta, ba ta yin gurnani sai an matsa mata. Marshall Super Lead ta 1965 ba ta da makunnin da ke raba kaushin sauti da ƙararsa. Kafin ta ba ka gurnani irin na Angus Young na AC/DC, sai ka murɗe ta har kunnenka ya yi tsuwa. Don manyan dandali aka ƙera ta, a zamanin da lasifikan taro ba su da ƙarfi. To kai da ke kiɗa a ɗaki fa?

Za su ce ai babba ta fi ƙara. Tsakanin wat 100 da wat 50 desibel 3 ne kacal, amma bawul EL34 huɗu za ka riƙa canzawa maimakon biyu. Kuɗinka ne zai faɗa maka.

Shawarata, nemi JCM800 mai wat 50, wadda ta fito a 1981 da makunnin "master", ko ƙananan Marshall masu wat 20 na 2019. Kuɗi a sake nema, amma kunne in ya mutu ba ya dawowa. Mai ja ya zo mu ja.