Guruf ɗin wurin aiki da ke bin ki har ɗakin kwana

Uwargida, idan kina aikin albashi, ko ban tambaya ba na san wayarki na ɗauke da guruf ɗin wurin aiki, wataƙila ma uku ko huɗu. Nan ake saka jadawalin aiki, nan ake sanarwar suna da rasuwa, nan wata ke tallan atamfa da turaren wuta. Ki wayi gari da tulin saƙonni, wanda ya shafe ki guda ɗaya ne tak, shi ma ya nutse tsakanin "Allah ya raya" da hotunan barka da Juma'a.

A aikinmu na jinya wannan ba abin wasa ba ne. Saƙon da ke cewa an sauya wa majinyaci magani, ko an mayar da ke aikin dare, bai kamata ya bi layi ɗaya da gaisuwa ba. Amma WhatsApp don hirar dangi da abokai aka yi shi, mu ne muka jibga masa kayan ofis.

Masu ƙera manhajojin aiki sun ɗan gano bakin zaren. A 2017 Slack ta fito da tsarin da kowace amsa ke zama ƙarƙashin saƙon da aka amsa, don kada zance ya cakuɗe. A Microsoft Teams kuma akwai saƙon gaggawa, wanda ke ta buga wayarki duk bayan minti 2 har tsawon minti 20, sai in kin buɗe shi. Wannan ya burge ni, in dai ba a hannun shugabar da komai nata gaggawa ne ya faɗa ba.

Abin da na fi jin haushinsa shi ne shuɗin alamar nan ta "an karanta" da WhatsApp ya kawo a 2014. Buɗe saƙo daban, fahimtarsa daban. Sau nawa ɗanki ke taɓa wayar yana neman katun, can ofis kuma an ɗauka kin gani kin yi biris? Da za su ji tawa, sai su sa maɓallin da ke da kanki za ki danna, ya nuna kin karɓa kuma kin ɗauki nauyin abin.

Na kuma so a ce manhajar ta san jadawalinki. Wadda ta sauka aikin dare da safe, saƙon da ba na gaggawa ba ya jira ta har ta dawo. Kada ki ɗauka son jiki ne. Tun 1 ga Janairu, 2017 dokar Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya bayan tashi daga aiki. Ostireliya ma ta fara aiki da irin tata dokar a Agustan 2024.

Sai batun sirri. Hoton sakamakon gwajin wani bawan Allah da aka tura guruf yakan sauka cikin ma'ajiyar hotunanki, kusa da na bikin ƙanwarki, a wayar da yara ke wasa da ita. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Yau ɗin nan ki shiga saitin guruf ɗin ki hana hotunansa bayyana a ma'ajiyar wayar.

Kafin masu manhaja su waiwaye mu, ki kai wa shugabarku shawara a raba guruf ɗin biyu: na sanarwa, wanda shugabanni kaɗai ke iya rubutu a ciki, da na zumunci, wanda za ki iya rufe wa baki ki kwanta. A kuma yi yarjejeniya cewa duk abin da ya kai gaggawa bayan sallar isha'i, a kira ki kai tsaye. A naki wurin aikin yaya kuke yi?