Kwamfuta Ba Ta San Zurfin Kwara Ba Sai Mun Gaya Mata

Ya 'yan'uwa mazauna Garu da Malanbil, kowace damina tambaya ɗaya ke hana manomin shinkafa barci: ina ruwa zai tsaya bana? Ba mu manta da ɓarnar ambaliyar 2010 da ta 2013 a nan da Karimama ba.

Yau injiniyoyi na iya gwada ambaliya a kwamfuta kafin ta zo. Tushen aikin lissafi ne da Bafaranshe Saint-Venant ya tsara a 1871. Ana raba kogi gunduwa-gunduwa, a ƙididdige ruwan da ya shiga kowace gunduwa da wanda ya fita, saura shi ne ƙarin zurfi. Sai a maimaita daƙiƙa bayan daƙiƙa, har a ga gonar da ruwa zai fara ci. Manhajar HEC-RAS, wadda injiniyoyin sojan Amurka suka fitar a 1995, tana wannan aiki, kuma kyauta ce. A Yamai, Hukumar Kula da Kogin Neja da cibiyar AGRHYMET suna bin sawun ruwan kogin.

Masu cewa wannan duba ne sun yi kuskure. Hisabi ne, irin na rabon gado: in an ɓoye wa malami magaji ɗaya, rabon ya ɓaci komai ƙwarewarsa. Haka kwamfuta take. Kwara sau biyu yake cika: jan ruwa a Agusta da Satumba, sannan baƙin ruwan Gini da ke isowa lokacin hunturu. Kogin Sota kuma yana zubo nasa a kusa da mu, yashi yana sauya ƙasan kogi kowace shekara. In awon tsoho ne, amsa ma tsohuwa ce.

Don haka muna da aiki. Mu yi alama a bangon da ruwa ya taɓa, mu rubuta rana da shekara. Masunta sun san inda yashi ya taru, a rubuta saninsu a miƙa wa masu awo. Mu kuma nemi hukumomi su sanar da hasashe a rediyo da Hausa da Dendi da Fulatanci tun kafin a dasa shinkafa, a faɗa mana iyakar tabbacinsa. Tun ran gini, ran zane. Allah ya kare mu, amin.