Cutar Lufus Ga Yara: Kada Sabon Ilmi Ya Zame Mana Dalilin Ƙyama

Masu iya magana kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Amma ni a ganina, akwai abin da ya fi shi haɗari, watau sanin rabi da rabi. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi tsokaci a kan cutar nan da likitoci ke kira lufus, da alaƙarta da ƙwayoyin cuta na bairos.

Lufus cuta ce da garkuwar jiki kan juya ta far wa jikin da aka halicce ta domin ta tsare shi. Ta fi kama mata, kuma idan ta soma tun ƙuruciya ta fi tsanani, musamman a kan ƙoda. Alamunta sun haɗa da zazzaɓi mai naci, da ciwon gaɓoɓi, da zubar gashi, da wani tabo a kumatu da karan hanci mai siffar malam-buɗe-littafi, wanda rana kan ƙara tsananta shi.

To ina bairos ya shigo? A shekarar 1964 Epstein da Barr da Achong suka gano wata ƙwayar cuta a Landan, cikin tsokar wani ciwon daji da ke kama yara, wadda aka aiko daga Yuganda. Ita ce ake kira Epstein-Barr, kuma ta yawu take yaɗuwa. A 1997 masu bincike a Oklahoma ta Amurka suka gwada jinin yara da matasa 117 masu lufus, suka tarar 116 sun taɓa kamuwa da ita, alhali kuwa cikin masu lafiya 153, mutum 107 ne kawai. Wani bayanin da masana ke bayarwa shi ne, wani sashe na ƙwayar ya yi kama da wani sashe na jikin ɗan'adam, sai garkuwa ta kasa bambancewa, ta mance cewa kama da wane ba ta wane.

A nan ne tsorona yake. Da zarar jama'a sun ji an ambaci ƙwayar cuta, sai a ce ai ɗauka ake yi, a ware wa yarinya kwano, a hana ta makaranta. Wannan kuwa zalunci ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ƙwayar nan, amma ƙalilan ne ke samun lufus. Ƙwayar tamkar ashana take: ba ta tayar da gobara sai ta tarar da busasshiyar ciyawa, watau gadon halitta da sauran dalilai. Ita lufus kanta ba a ɗaukarta.

Wani zai ce ina ruwanmu da wannan, ga ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro suna kashe mana yara? Gaskiya ne, sun fi ta yawa nesa ba kusa ba. Sai dai a inuwarsu take ɓuya. A yi ta ɗura wa yaro maganin sauro, in gaɓoɓi sun yi ciwo a ce amosani ne, in an gaji a ce sammu, har ƙoda ta lalace. Ga shi kuwa akwai magungunan da ke kwantar da ita, cikinsu har da wani ɗan'uwan kulorakwin da muka sani.

Saboda haka ina kira ga iyaye, duk yaron da zazzaɓinsa ya ƙi jin magani, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko fitsarinsa ke kumfa, a nemi likita ya gwada jini da fitsari. Mu kuma ɗaliban Hausa, nauyi ne a kanmu mu zauna da likitoci mu samar wa cutar suna da bayani a harshenmu, kafin jita-jita ta riga mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.