Kyanwar Gida Ba Ruwa Biyu Ba Ce

Wata Asabar 'yar yayata ta shigo ɗakina a Hotoro, waya a hannu, fuska a murtuke. "Kawu, kai da ka san kwamfuta, duba mini wannan." Maganar kyanwarta ce, wadda babanta ya tsinto tana jaririya a bayan wani sito a Bompai. Ta ɗauki hotonta ta saka a wata manhaja mai faɗar irin kyanwa. Hoton farko aka ce Egyptian Mau ce, kashi 71. Na biyu, da hasken yamma, ta koma Bengal. Na uku tana barci, ta zama Abyssinian. Ƙawayenta suka yanke hukunci: ruwa biyu ce, ba ta da asali. Yarinyar da ta shekara biyu tana raba kifinta da wannan kyanwa ta fara cewa a sayo mata "ta gaske".

Wannan kalma ce ta ɓata mini rai, domin ba a bakin yara kaɗai take ba. Manya ma sun ɗauka, a WhatsApp da Instagram, inda ake tallar kyanwoyi da sunayen Turai kamar ana tallar turare. Magana ɗaya nake so a ji: kyanwar gidanku ba gaurayen komai ba ce, kuma manhajar da ta ce haka ba ta san abin da take faɗa ba.

Rubuta manhaja sana'ata ce, don haka bari na fara da na'urar. Irin wannan manhaja ana koya mata aiki ne da tarin hotuna masu suna. Ɗaya daga cikin rumbunan da masu koyo suka fi amfani da shi, har da ni, shi ne wanda masu bincike na Jami'ar Oxford da wata cibiyar fasaha ta Indiya suka fitar a 2012: iri 37, na karnuka 25, na kyanwoyi 12, kowanne da hoto kusan 200. Babu gurbin kyanwar gida a ciki. Na'urar da aka horar a haka maki ɗari gare ta, kuma dole ta rabe shi tsakanin sunayen da ta sani. Ba a ba ta amsar "ba ko ɗaya" ba. Nuna mata hoton tabarma, za ta laƙa masa suna. Saboda haka kashi 71 ba ma'aunin jini ba ne, canki-canka ce da aka yi wa ado da lamba.

Sai tarihi. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2007 ya nuna kyanwoyin gida na duniya sun fito ne daga kyanwar daji mai suna Felis lybica, wadda ke rayuwa a Gabas ta Tsakiya da Afirka. A tsibirin Cyprus an tono kabarin mutum da kyanwa a gefensa, mai shekara kusan 9,500. Rumbun hatsi ne ya jawo ɓera, ɓera ya jawo kyanwa, mutum ya ga amfaninta ya bar ta. Maganar "iri" kuwa jiya-jiya ta zo. Babban bajekolin kyanwoyi na farko an yi shi ne a Landan a 1871, kuma ƙungiyar rajista ta CFA an kafa ta a Amurka a 1906. Masu kiwo sun tsinci kyanwoyin gari masu wata kama, suka yi ta haɗa su da juna, suka buɗe littafin salsala. Daga kyanwar gari aka ciri iri. Yaya za a ce uwa ce ta gado 'ya'yanta?

Sunayen ma kada su ruɗe ka. Kyanwar da ake kira Somali ba daga Somaliya ta zo ba: masu kiwo ne a Arewacin Amurka suka samar da ita daga Abyssinian mai dogon gashi, suka ara mata sunan maƙwabciyar Habasha.

Wani zai ce, to dogon gashin fa? Shuɗin idon fa? Dogon gashi canji ne a ƙwayar gado guda, FGF5, wanda ke bayyana idan ɗa ya gaje shi daga uwa da uba. Kyanwoyi biyu masu gajeren gashi a lungun Sharada za su iya haifar mai gashi buzu-buzu ba tare da wata Persian ta taɓa taka unguwar ba. Launi da gashi siffa ce. Su kansu ƙungiyoyin rajistar da takardar salsala suke tabbatar da iri, ba da kallon hoto ba. Kafin ka tura wa mai talla kuɗin da ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, tambaye shi takardar iyaye da kakanni, ka ga yadda hira za ta mutu.

A ce ma ta gasken ka samu, me ka saya? An matse fuskar Persian har numfashi ke yi mata wuya, hawaye ba ya yankewa a idonta, ga ciwon ƙoda na gado da aka san irin da shi. Scottish Fold, mai lanƙwasassun kunnuwa da ake yayi, lahanin guringuntsi ne ya karya kunnen, kuma lahanin yana bin gaɓoɓinta da ciwo. Ɗauki dabba mai bargo a jiki, ka ajiye ta a Kano cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke. Wannan so ne ko azabtarwa?

Na san amsar: kuɗina ne, sha'awata ce. Gaskiya ne, kuma wanda ya riga ya mallaki irin waɗannan, ya riƙe amana, ya kai su wurin likitan dabbobi. Rigimata da raini ce. Na san gidan da aka saka kyanwa a buhu aka kai ta bakin titin Maiduguri aka yar, ranar da suka gane "ba orijina ba ce". Mu da muka tashi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, mu da muke ambaton sahabin da aka yi wa laƙabi da 'yar kyanwa, Abu Huraira. Ban taɓa jin an tambayi irin waccan kyanwar ba.

Kuma wadda ake rainawar ita ce mai aiki. Ita ke gadin buhuna a Dawanau da sitocin Challawa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ɓera ne ke yaɗa shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa cikin matakan kariya, tare da rufe abinci da tsaftar gida. Mun bar mai gadi a bola, mun sayo kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, sai ɗaukar hoto.

Tambayoyin da ya kamata mai kyanwa ya yi daban ne. An yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare? An ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma? Za a yi mata aikin hana haihuwa, ko akwai masu karɓar 'ya'yan? Waɗannan likita ke amsa su, ba waya ba.

Ranar nan na karɓi wayar 'yar yayata na ɗauki hoton hular babanta ta sanyi na saka a manhajar. Ta ce Persian ce. Yarinyar ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "To Kawu, idan an tambaye ni wane iri ce, me zan ce?"

Na ce, "Ki ce 'yar Bompai ce, girman Hotoro."