RA'AYINMU: A Duba Tsohon Ogan Kafin A Kira 'Yan Gwangwan

A majami'unmu da dama akwai tsohon ogan mai aiki da lantarki a jingine a ɗakin ajiya, an ɗora masa kujeru da tsofaffin littattafan waƙa. Tun da kibod ɗin Yamaha da Casio suka yi araha aka juya masa baya. Yanzu magana tana zuwa gaban dattawa ta fuska biyu. Wasu sun ce a sayar wa 'yan gwangwan a huta, wasu kuma wani ɗan ikilisiya mai gyaran rediyo ya roƙe su ya kai shi gida ya gyara. Mu muna goyon bayan gyara, amma da sharuɗɗa.

Da fari a san irin kayan da ake da shi. Waɗannan ogan suna aiki ne da kwalabe irin na tsohuwar rediyo, waɗanda masu gyara ke kira bawul. Idan Hammond ne, wanda Laurens Hammond ya fara sayarwa a Amurka a 1935, muryarsa tana fitowa daga ƙananan ƙafafun ƙarfe da ke juyawa kusa da maganaɗisu. Kamfanin ya daina ƙera irinsa a 1975, har yau kuwa makaɗa a duniya suna nemansa da kuɗi mai tsoka. Ikilisiyar da ta sayar da shi a kan sikeli ta yi asara. Irin wannan ba a saita muryarsa ɗaya bayan ɗaya, domin gudun injinsa yana bin bugun wutar da aka ba shi. Wutar Amurka tana bugu sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, don haka wanda aka ƙera domin Amurka zai sauka ƙasa da kusan rabin murya uku ko da an sa masa taransifoma mai rage wuta daga 230 zuwa 120. A kan ƙaramin janareta kuma muryar takan yi ta hawa da sauka, mawaƙa su riƙa ganin laifin makaɗi alhali ba shi da laifi. Yana bukatar mai sau ɗaya a shekara, nasa na musamman, ba baƙin man mashin ba.

Sauran, kamar Lowrey da Baldwin, yawancinsu suna da tushen murya goma sha biyu, daga nan ake rarraba sauran zuwa ƙasa. Wanda ya saita sha biyun ya saita ogan duka. Sai a kunna shi ya yi kamar rabin awa ya ɗauki zafi, a fara da muryar A a kan 440, a riƙa juyawa a hankali da sukundireba ta roba. Ta ƙarfe tana ruɗa awo, takan kuma fasa abin da ake juyawa, samun madadinsa kuwa sai an sha wuya.

Abin da ya fi damunmu shi ne rai. A cikin akwatin nan akwai wutar da ta wuce bolt 300, kuma kwandensa tana riƙe wuta bayan an zare soket. Gida kuwa akwai yara. Kada a kunna ogan da ya shekara goma a ajiye don kawai a ji ko yana yi. Tsohuwar kwandensa da ta bushe tana iya fashewa ta tafi da taransifoma. Masu sanin aikin sukan fara haɗa shi ta cikin ƙwan fitila, in ƙwan ya haska sosai ya tsaya haka, sun san akwai matsala a ciki. Sau da yawa ma kwalaben lafiyarsu ƙalau, ɓarnar ta ƙurar hunturu ce da wayoyin da ɓera ya ci. Matasanmu masu ƙwazo su zo su koya, amma a gefen wanda ya ƙware, ba su kaɗai ba.

Sai batun amana. A 2 Sarakuna sura 12 mun karanta yadda gyaran Haikali ya tsaya shekaru a zamanin Sarki Yowash, har sai da aka kafa akwati, aka riƙa ƙirga kuɗin ana miƙa wa masu aiki. Kayan ikilisiya da ya fita ba rubutu yakan zama sanadin gaba tsakanin iyalai, a ƙaramar ikilisiya kuwa rashin gida ɗaya babban giɓi ne. A rubuta sunan ogan da lambarsa a littafin sakatare, da ranar fita da ranar dawowa, dattawa biyu su sa hannu, a kuma yanke iyakar kuɗin da za a kashe. Mai gyara ɗan'uwa ne, amma a biya shi haƙƙinsa.

Ba kowane ne zai tashi ba. Wanda gara ta cinye katakonsa ko taransifomarsa ta ƙone, a cire kwalaben da lasifika a ba wata ikilisiya mai irinsa. Muna roƙon sakatarorin ikilisiyoyi su aiko wa ofishin ƙungiya da sunan ogan da suke da shi da halin da yake ciki kafin taron majalisa mai zuwa, domin mu haɗa masu bukata da masu gyara.