Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: A Yi Wa Sabon Shiga Jagora A Kan Kwamfuta

Ranar 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na Amurka ya kawo ƙarshen kulawar da yake yi wa Windows 10, watau babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci masu ɗimbin yawa a ofisoshi da makarantu tun 2015, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Sabo da haka, ko ba daɗe ko ba jima, ma'aikacin sakatariyar Dutse da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse za su wayi gari su tarar da baƙuwar fuska a kan tebur: ko dai Windows 11, ko kuwa wata manhaja daga dangin Linux irin su Ubuntu, ga tsofaffin na'urorin da ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

A ganina, wahalar wannan canji ba ta ga na'ura, tana ga barin mutum shi kaɗai a gabanta. Na taɓa ganin wani akawu a wani ofis, mutumin da ya fara aiki tun zamanin keken rubutu, ya koma rubuta wasiƙu da biro har mako guda bayan an canza masa kwamfuta. Dalili kuwa bai taka kara ya karya ba: maɓallin farawa da ya saba gani a kusurwar hagu ya koma tsakiya, kalmomin kwafa da liƙawa sun zama 'yan alamomi, shi kuma kunya ta hana shi tambayar yaran da ke ƙarƙashinsa. Da ya sami mai nuna masa, minti biyu sun isa a mayar masa da maɓallin inda ya saba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Ɗalibai ma suna da tasu matsalar. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Yaro daga Kiyawa ko Jahun ko Miga ya ƙware a wayar Android, yana sarrafa ta da ɗan yatsa, amma sau da yawa ranar jarrabawa ce ranar da zai fara dafa linzami. Irin wannan yaro ba jahili ba ne, gari ya canza masa. Ita kanta Android a kan tushen Linux aka gina ta, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland cikin 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa.

To, me ya kamata jagora ya nuna wa sabon shiga? Abubuwa biyar sun isa a makon farko. Na ɗaya, inda takardunsa ke kwana, domin waya tana ɓoye wa mutum wannan, kwamfuta kuwa tana son ya san sunan fayil da foldar da ya ajiye shi. Na biyu, yadda zai rubuta sunan manhaja a gurbin bincike maimakon lalube. Na uku, yadda zai buga takarda, ya kuma haɗu da intanet. Na huɗu, yadda zai sa allon rubutun Hausa domin ya sami ɓ da ɗ da ƙ, kada kowace wasiƙa ta fita da "kasa" a wurin "ƙasa". Na biyar, yawan adana aiki da kashe na'ura bisa ƙa'ida, tun da wutar lantarkinmu ba ta sallama kafin ta tafi.

Kirana ga Ofishin Shugaban Ma'aikata da shugabannin makarantu shi ne, kada a canza wa kowa manhaja sai an kwafe takardunsa a wani wuri dabam, kuma an naɗa mutum guda a sashensa wanda kowa ya san aikinsa ne amsa tambaya. Ba mu rasa irin waɗannan mutane ba. Ga waɗanda suka gama Cibiyar Fasahar Sadarwa ta Kazaure, ga masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa kowace shekara. Bugu da ƙari, a rubuta bayanin a takarda shafi ɗaya, cikin Hausa da Turanci, a manna kusa da kowace na'ura. Taron bita na kwana ɗaya a babban zaure ba zai maye gurbin wannan ba, domin tambaya takan taso ne ranar da wasiƙa ta ƙi fita, mai gida kuma yana jira.

Shi kuma jagora ya ji tsoron Allah, kada ya fizge linzami daga hannun dattijo ya yi aikin da kansa. Ya tsaya a gefe, ya bar shi ya latsa, ya yi kuskure, ya gyara. Ku kuma ma'aikata da ɗalibai, ku ajiye kunya, matambayi ba ya ɓata. Dukiyar jama'a aka kashe wajen sayen na'urorin nan, bai dace su koma kayan ado a ƙarƙashin mayafi ba. Allah ya sa mu dace.