Tsohuwar Motar Gazuwal: Fenti Ba Ya Hawan Dutsen Adar

A ƙasar Ibohaman da sauran garuruwan Kaita, Buza da Madawa, mota buɗaɗɗiyar baya mai shan gazuwal jari ce sukutum. Ita ke kai albasa da hatsi kasuwa, ita ke ɗauko majinyaci zuwa Tawa cikin dare. Ɗan kasuwar da ya saye ta yakan zuba ribar shekaru, ma'aikaci kuwa yakan jingine albashinsa a banki. Amma har yau yawancin masu saye da idon fenti da bakin dillali suke yanke kuɗinta, wanda kuwa cinikin biri a sama ne.

Kuɗin irin wannan mota bai taɓa zama a hannun Adarawa ba. A watan Janairu na 1994 da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk wani ƙarfen da ake shigowa da shi ya yi tsalle. A 2023 aka rufe iyakar Gaya da Malanbil, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Dillalai sun sami abin fakewa. Sai dai tsadar hanya ba ta mayar da gajiyayyen inji sabo.

Farashin adalci shi ne kuɗin aikin da ya rage a jikin motar. Lambar kilomita ba shaida ba ce, domin ana juya ta baya. Shaidar farko ita ce a tada injin da sassafe yana sanyi. Shuɗin hayaƙi alama ce inji na ƙona baƙin mai. Baƙin hayaƙi yakan nuna famfon gazuwal ko allurorinsa sun gaji. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi kuwa yakan nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. Daga nan sai a kwanta ƙarƙashi a duba shasi, domin hanyoyin jan burji na Adar tsaga ƙarfe suke yi, walda kuma ana ɓoye ta da baƙin fenti.

Akwai kuma maganar gyara. Tsohuwar Hilux mai famfon gargajiya makanikin Kaita na iya kwance ta ya ɗaure. Sabuwa mai inji mai kwamfuta ta fi ƙarfi da tsimin mai, amma gurɓataccen gazuwal na bakin hanya na lalata allurorinta, gyaranta kuma sai an nemi na'ura a babban gari. Saboda haka motar da ta cancanci kuɗinta a Yamai tana iya zama kaya a Ibohaman.

Takardu su ne gaba da kome. Wajibi ne lambar da ke jikin shasi ta dace da ta katin mota harafi da harafi, a kuma ga shaidar biyan duwan. Motar da ta shigo ta bayan gida araha gare ta, amma ranar da aka kama ta a shinge jarin ya tafi.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka ana sayar da lafiyayyar irinta miliyan 8. Idan makaniki ya ce inji da taya da sifirin za su ci miliyan 2, kuɗinta miliyan 6 ne, kome rantsuwar dillali. In ba a biya mata duwan ba, a sake cire wannan. Makanikin kuma ya kasance na mai saye, shi ya ɗauko shi, shi zai biya shi, domin la'adar dillali da tsadar ciniki take ƙaruwa.

Wasu za su ce ciniki yardar juna ne, wanda ya taya ya ga abin da ya gani. Yarda kuwa ba ta cika sai mai saye ya san abin da mai sayarwa ya sani, kuma shari'ar Musulunci ta hana ɓoye aibin haja. Ya kamata ƙungiyoyin direbobi da na ƴan kasuwa su sa a riƙa rubuta takardar ciniki mai ɗauke da aibin mota, gaban shaidu. Hukuma ita ma, in za ta yi gwanjon tsofaffin motocinta, ta yi shela a rediyo, a taya a bainar jama'a, domin a nan ne kowa zai ga ainihin farashi. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, nagarin kuwa sai an shiga ƙarƙashinsa da fitila ake gane shi.